Na Auna Gidan Hayarmu na London da Zaren Hula

Tun kafin ƙafata ta taka London akwai abin da nake tsoro, kuma ba sanyi ba ne, ba jirgin sama ba ne. Wata maƙwabciyarmu ce a Fagge, wadda ƙaninta ya yi karatu a can, ta ce da ni: "Rakiya, ƙasar nan da za ki, ba a barin uwa da ɗanta. Miji yana makaranta, ɗaki ƙanƙane, sai a kai wa wata Baturiya ɗan a ƙauye ta riƙe. Ranar da kika je ganinsa, bayan Baturiyar zai ɓuya." Ta faɗa tana dariya, ta ci gaba da tankaɗen garinta. Ni kuwa 'yata Ummi tana bayana, watanta biyar. Maganar nan tare na ƙulle ta da kuka da daddawa a ƙasan akwati, da ita na sauka.

Shekarun nan ne da arzikin mai ya buɗe, gwamnati tana ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje. Malam, mijina, ma'aikacin safiyo ne, aka ba shi shekara biyu. Ni aji uku na yi a firamare. Ina karanta lamba, ina rubuta sunana, Turanci kuwa sai gaisuwa da godiya.

Zangonmu na farko ɗakin wani abokin Malam ne, sati uku muna kwana a ƙasa. Kullum sai mu fita neman ɗaki. Idan aka buɗe ƙofa aka ga goyo a bayana, sai a ce an riga an bayar. Wani dillali ya nuna mana flat mai kyau, ciki da falo, har da labule. Ranar da muka zo da kayanmu makullin da ya ba mu ya ƙi shiga, wata tsohuwa ta leƙo ta taga tana yi mana ihu. Ashe gidan ba a hannunsa yake ba. Muka koma tashar bas da akwatuna cikin yayyafi. Kwandastar bas ɗin, wata baƙar mata ce mai jiki, ta dubi Ummi, ta kwance mayafin ulun da ke wuyanta ta naɗa mata. Ban sake ganin matar nan ba, amma mayafin yana nan.

Zango na biyu shi ne wani dogon gida a bayan Old Kent Road, inda ƙarar bas ba ta yankewa. An ce da can wurin jinyar tsofaffi ne, aka yanka shi ɗaki-ɗaki. Hawa huɗu ne, yawancin masu hayar 'yan Arewa ne da suka zo kwas da iyalinsu. Mu da muka zo ƙarshe, ɗakin can sama ƙarƙashin rufi muka samu.

A gidan nan na fara sanin abin da ake kira boila. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ana dafa ruwa a ciki, tururin ya bi bututu ya hau kowane ɗaki, ya shiga wani ƙarfe mai haƙarƙari da ke jingine da bango. Shi ne muke ce wa hita. Namu haƙarƙarinsa goma sha takwas ne, na sani don a kai nake shanya tsummokin Ummi. Na kuma lura shida na farko kaɗai ke yin zafi, sauran sai ɗumi-ɗumi, na ƙarshe kuwa kamar randa. A ƙasa ana cire riga, mu a sama muna ƙara bargo.

Da watan Nuwamba ya shigo, boilar ta tsage. Ruwa ya cika ɗakin ƙasa, gida ya yi tsit, ya ɗau sanyi. Kowa ya sayo risho mai kananzir don ɗumama ɗaki. Bangonmu ya fara zufa, ya yi baƙi a kusurwa, Ummi ta kama tari, numfashinta yana fito kamar na 'yar mage. Malamar lafiya ta ƙaramar hukuma ta zo, ta taɓa bangon, ta dubi rishon, ta yi wa Malam magana doguwa. Da ta fita na ce, "Malam, me ta ce?"

Ya zauna a bakin gado. Sannan ya ce, "Ta ce ɗakin nan bai kamaci yarinya mai ƙirji ba. Maman Ummi, akwai wata mata a wani gari bakin teku, tana riƙe da 'ya'yan wani abokin karatunmu. Gidanta da ɗumi. An ba ni adireshinta."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce, "Ai za a sa sabuwar boila."

"Za a sa. Amma ko da tsohuwar tana aiki, kin ga yadda ɗakin nan yake. Idan aka sa sabuwa ɗakin bai yi ɗumi ba, ba zan zuba ido ƙirjinta ya lalace ba. Kin ji na gaya miki."

Ba mugu ba ne Malam. Tsoro yake ji, irin nawa, sai dai kowa da inda nasa ya nufa.

Mai gidan hayar ya kawo wani saurayi mai lakatayi, ya ce shi zai sa sabuwa. Ranar Talata ya zo, maza duk suna makaranta. Ya ƙwanƙwasa ƙofar farko, aka ce daga ciki, "Ba shiga!" Ta biyu haka, ta uku haka. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce to mazan su rubuto masa hita nawa ne a gidan. Ranar Lahadi bayan la'asar maza suka taru a ɗakin Alhaji, wanda shi ne babba a cikinsu, kowa ya faɗi na ɗakinsa. Suka samu goma sha tara. Mai lakatayi ya ce madalla, yana da wata 'yar boila a ajiye da za ta yi daidai. Mai gidan hayar ya ji daɗi, don man da ya kawo mu ƙasar shi ne ya yi tsada a wurinsu, ƙaramar tukunya kuwa ba ta shan mai da yawa.

Malam ya dawo da takardar, ya ajiye a kan tebur. Na duba lambobin. A gaban sunan Alhaji an rubuta ɗaya.

Na ce, "Malam, na Hajiya ba ɗaya ba ne, uku ne."

"Mai ɗakin da kansa ya ce ɗaya."

"Mai ɗakin ba ya share ɗakin."

Ya ce kar in jawo masa magana da Alhaji. Amma ni na san abin da na gani. Hajiya Gambo, matar Alhaji, da jerenta ta zo London, kwalla da samiru da fanteka, ta jera su tun daga ƙasa har kusa da silin, bango guda. Wata rana da boila ke aiki na shiga aron ludayi, na dafa kwallar ƙasa na ji ta da zafi. Wata rana kuma na ga man shanun da take ɓoyewa a cikin ta tsakiya ya narke ya zama ruwa, alhali a waje sanyi ake zabgawa. Ba a narkar da man shanu da bango. Akwai ƙarfe a bayan jeren nan.

Na gangara wurin Sista Saratu, nas ce 'yar Pankshin da ke hawa na biyu, ita ce mai yi mana tafinta a asibiti da kanti. Na gaya mata komai, har da zancen matar bakin teku. Ta ce, "Maman Ummi, share hawayenki. Akwai wani tsoho mai gyaran boilar asibitinmu. Gobe zan yi masa magana, in kuma tsare mai gidan nan ya bari wani ya duba kafin ya sa hannu."

Tsohon ɗan Ailan ne, gajere, gashin girarsa kamar tsintsiya, sufana a aljihun baya kullum. Mu mata Baba Mai Sufana muka sa masa. Ranar Laraba ya zo, Sista ta miƙa masa takardar maza a ƙofar ɗakin ƙasa, ni ina tsaye a matakala da goyo. Ya duba, ya fashe da dariya, ya ce wani abu.

Na ce, "Sista, me ya ce?"

"Wai goma sha tara na me? Kyanwa goma sha tara ko saniya goma sha tara?"

Sai ya yi bayani, Sista tana juya mini. Ya ce boilar tururi ba da ido ake zaɓenta ba, ba kuma da girman gida ba. Ƙarfen da ke cikin ɗakuna shi ke shan tururin, don haka shi ake aunawa, ɗaya bayan ɗaya: tsayinsa daga ƙasa, haƙarƙarinsa nawa, kowane haƙarƙari kuma sanda nawa ce a cikinsa idan ka duba ta gefe. Ko wanda aka rufe ba a amfani da shi sai an ƙirga, don gobe wani zai buɗe. Idan tukunya ta yi ƙanƙanta, ɗakunan ƙasa za su shanye tururin, na nesa ba zai taɓa gani ba.

Ya ɗaga sufanarsa ya nuna sama. Ban jira tafinta ba. Na ce, "Sista, ai dambu ne. Ƙaramar tukunya, a ɗora mata babban madambaci, na ƙasa ya dahu, na sama ɗanye."

Ta juya masa. Ya dube ni sosai a karo na farko, ya gyaɗa kai.

Sai dai matsalar tana nan. Shi sai ya shiga ɗakuna, maza kuma ba sa nan da rana, Alhaji ya riga ya ce babu namijin da zai shiga ɗakin matar aure ba mijinta. Mai gidan hayar kuma ya ce ranar Juma'a zai ba mai lakatayi aikin, ba zai jira Lahadi ba. Baba ya fara mayar da fensirinsa bayan kunne, alamar tafiya.

Na ji bakina ya ce, "Ni zan auna."

Ya miƙo mini tef ɗinsa. Na ga 'yan layuka birjik, na san zan rikice, in rubuta abin da ba shi ba. Na mayar masa, na ce ya dawo gobe da azahar.

Ina ɗinkin hula tun ina yarinya, na kuma taho da zare kala-kala don kashe kewa. Na zauna na tsara abina. Tsawon zare shi ne tsayin hita: in kafa shi a ƙasa, in yanke daidai kan ƙarfen. Kowane haƙarƙari ƙulli ɗaya, amma a wani zaren daban da zan ɗaura masa a kai, don kada ƙulli ya cinye tsawon. Launi kuma shi ne sanda: ja mai biyu, kore mai uku, baƙi mai huɗu. Na kowane ɗaki in naɗe su a ashana ɗaya.

Da Malam ya dawo ya same ni cikin zare, ya ce, "Ke da aji uku za ki gyara lissafin mutum goma masu kwas?"

Na ce, "Aji ukun ma ƙidaya aka koya mana, Malam. Ka ba ni izini kawai."

Ya yi murmushin da rabona da shi tun Kano, ya ce, "Je ki. In Hajiya ta kore ki, ban san zancen ba."

Washegari ina idar da aikin safe na goya Ummi, na fara daga sama. Ni babu ƙofar da ke rufe mini. A ɗakin matar wani likita na samu ɗaya a bayan kwaba, mijin bai taɓa ganinsa ba. A wani ɗakin an lulluɓe ɗaya da zane an ɗora rediyo da hoton biki, ya zama tebur. Na banɗakuna uku babu wanda ya ƙirga, kowa ya ɗauka maƙwabcinsa ya faɗa. Na kan matakala ma haka, wanda muke shanya dardumar salla a kai. Mata suna ta yi mini tsiya. Ɗaya ta ce, "Injiniya Rakiya, in kin gama ki duba mana famfo." Na ce, "Sai kin biya ni da yaji."

Hajiya Gambo na bari ƙarshe. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta, na tambayi Alhaji da sanyi. Ta riga ta ji labari.

"'Yar nan, in jerena kika zo taɓawa, tashi ki koma. Kwana biyu na yi ina jera shi. Ɗakina hita ɗaya ce, Alhaji ya faɗa."

"Hajiya, to me yake narkar da man shanun?"

Ta zaro ido. "Wane man shanu?"

"Na kwalla ta uku daga ƙasa, mai hoton tsuntsu."

Ta kama haɓa. "La ilaha! Ke ashe ba ludayi kike zuwa aro ba, ido kike kawowa." Ta rage murya. "Rakiya, in aka ce uku ne, Alhaji ya yi ƙarya a gaban yara ke nan. Ki rufa mana asiri."

Na kwance goyo, na ɗora mata Ummi a cinya. Ɗakin ya yi shiru, sai fiton ƙirjin yarinyar kawai ake ji. Na ce, "Hajiya, idan ƙarfen bayan jeren nan ya sha tururin da ba a ƙirga da shi ba, rabon ɗakinmu zai sha. Malam ya ce idan ɗakin bai yi ɗumi ba, Baturiya zai kai wa ita."

Hajiya ta ɗora tafin hannunta a bayan Ummi, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Ana raba ɗa da nono ina gidan nan? Tashi ki fara daga sama. Ki riƙe murfin da kyau, in kika fasa mini fenti sai na aike ki Kano sayo wata."

Muka sauke jeren tas. Ga su nan a baya, guda biyu, manya ƙwarai, kowanne ya kai ƙirjina, masu sanda huɗu, ƙura ta yi musu riga. Baƙin zarena ya kusa ƙarewa a kansu. Hajiya ta ce da bakinta za ta gaya wa Alhaji, wai ita ma yau ta gano su. Na ce haka ne, Hajiya.

Da azahar na sauka ɗakin ƙasa da ashanuna cikin murfin kwano. Baba ya share wani tebur, muka shimfiɗa zaren layi-layi. Talatin da ɗaya. Bai yarda haka kawai ba. Ya ɗauki zaren matakala ya je ya gwada da tef ɗinsa, tsayi ya yi daidai. Ya ƙirga haƙarƙari ya samu goma sha uku, ƙullina goma sha huɗu. Na je na tura ƙofar da ke jingine da ƙarfen, na nuna masa na ƙarshe da ya maƙale a bayanta. Ya cire hularsa ya ɗan rusuna mini, Sista tana ta dariya.

Ya fito da wani tsohon littafi mai baƙin mai a gefe, duk lambobi. Kowane zare ya auna, ya ƙirga ƙulli, ya dubi launi, ya nemo a littafin yawan tururin da irin wannan ƙarfen yake sha, ya rubuta. Da ya haɗa jimla ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. Sista ta ce wannan rabon bututu ne, don su ma sai sun sha nasu kafin tururi ya isa ɗaki, musamman da safe da ƙarfe ya kwana da sanyi.

Mai gidan hayar ya zo ya ga lissafin, ya ga boilar mai lakatayi ko kusa ba ta kai ba. Sai ya juye, ya ce to a kawo mai girman tsohuwar, a huta. Baba ya ce a'a. Tsohuwar an sa ta ne lokacin da ake wanki da dafa abincin marasa lafiya da tururinta, yanzu duk an cire waɗannan. Wadda ta yi yawa za ta riƙa kamawa tana mutuwa, tana tura ruwa cikin bututu, ana jin bugu kamar ana daka, mai kuma yana ƙonewa a banza. Na ce a raina, wutar da ta yi yawa ma ruwa take watsa wa dambu ya caɓe. Baba ya buga yatsa a kan lambarsa, ya ce wannan, ba sama ba ƙasa. Mai gidan ya dubi zaren, ya dubi tsohon, ya ba shi aikin.

Kwana goma sha biyu aka yi. A cikinsu Sista ta ɗauke mu ni da Ummi zuwa ɗakinta mai hitar lantarki, ita tana kwana a kujera in ta dawo aiki. Hajiya kullum sai ta aiko da kunun kanwa. Baba kuma ya roƙi Malam izini ya hau ɗakinmu a gabansa, ya canza wani ɗan ƙarfe kamar kan buta a gefen hitarmu, wanda iska ke fita ta cikinsa don tururi ya samu hanya. Fenti ya toshe tsohon.

Ranar Asabar da hantsi aka kunna. Na zauna a ƙasa gaban hitar, Malam yana tsaye a bakin taga kamar ba abin da ya dame shi. Muka ji hawan ƙasa sun fara guɗa. Namu ɗakin shiru. Can sai ɗan ƙarfen nan ya fara huci a hankali. Na dafa haƙarƙari na farko, zafi. Na biyu. Na bi su da tafin hannu ina ƙirgawa a fili. Shida. Bakwai. Malam ya baro taga. Sha biyu. Sha biyar. Da na kai na goma sha takwas sai da na janye hannuna, don ƙuna ya yi mini. Hucin ya tsaya da kansa.

Malam ya taɓa shi ma, ya yarfe yatsa. Ya zaro takardar adireshin nan daga aljihu, ya ce, "Gobe Lahadi aka ce mu je mu ga gidan matar. Bari in sauka in buga waya in ce an yi cancel."

Sati biyu bango ya bushe, tarin ya yi sauƙi. Da Babbar Salla da Ummi muka je idi masallacin Regent's Park, tana bayana, naɗe da mayafin kwandasta. Da ita muka koma Kano, da Hausarta a bakinta. Hajiya ta mayar da jerenta ɗaya bangon, ta ce ɗakin ya yi mata zafi, kuma laifina ne.

Zaren talatin da ɗaya suna nan a cikin wata kwalla da ta ba ni da za mu rabu. Ga roƙona gare ka, mai karatu: duk ranar da za a auna wani abu a gidanka, kafin ka ba da lamba, ka shiga ciki ka tambayi wadda take share ɗakin.